Katakon Malama Michiru

Wata yarinya ce 'yar Kano, tana zaune da iyayenta a unguwar Sanyuanli, a birnin Guangzhou. A shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar Sin, kowa a makarantarsu ƙwallon tebur yake bugawa.

Mai koya musu wasan 'yar Japan ce, sunanta Malama Michiru. Tun tana ƙarama ta fara bugu, har ta zama zakarar mata a ƙasarsu. Tsohon katakon buga ƙwallon da ta ci kofi da shi yana rataye a bangon ɗakin wasa.

Wata rana yarinyar ta ga babu kowa a ɗakin. Ta ciro katakon don ta gwada sau ɗaya kawai. Ta kai bugu da ƙarfi, sai ya daki bakin tebur. Robar jikinsa ta yage.

Ta cusa shi a jaka ta gudu. A hanya ta nuna wa mai shagon kayan wasa. Ya girgiza kai ya ce, "Mei yo." Wato babu irinsa.

Washegari ta ji ana cewa ƙawarta Samiratu ce ta ɗauki katakon. Ta ga Samiratu tana kuka, amma ba ta faɗi gaskiya ba.

A gida ta kasa cin abinci.

"Lafiya kuwa?" in ji Umma.

Ta fito da katakon. "Umma, ni ce na ɗauki katakon Malama, amma Samiratu ake zargi. Ina tsoron a kore ni."

"To ita Samiratu fa? Gobe tare za mu je."

Da safe ta miƙa wa Malama katakon, kanta a ƙasa. Malama ta daɗe tana dubansa.

"Roba ai canza ta ake yi," in ji ta. "Amma kin bar ƙawarki da laifin da ba nata ba. Ba za ki buga gasar wannan makon ba."

Yarinyar ta nemi gafarar Samiratu a gaban aji. Ranar gasa ta zauna a gefe tana tafa mata, har Samiratu ta ci.

Daga baya Malama ta koya musu liƙa sabuwar roba, ta bar su suka buga da katakon.

Yara, kada ku taɓa kayan wani sai da izini. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri.