Keken da Ya Wuce Baba a Gangare

"Ya wuce ni! Ni Sa'idu, yaron nan ya wuce ni a kan keke bai sauka ba!"

Muciya ta suɓuce daga hannun Ummuhani ta faɗa cikin toka.

Babanta na tsaye a tsakar gida, hula a karkace, gefen rigarsa duk feshin taɓo.

"Malam, wane yaro?" in ji Inna.

"Wane yaro in ba Uwaisu ba! Wanda kuke cewa in ba shi 'yata. A gindin gangare, a gaban jama'a, ya kaɗa mini ƙararrawa sai ka ce akuya ta tare hanya. Wai 'Baba barka da yamma,' yana tafe kamar iska. Gaisuwa daga sama!"

"Baba..." Ummuhani ta fara.

"Rufe mini baki! Mai doki ma jan linzami yake ya sauko in ya ga babba. Masinjan Di'o, Baturen mulki, da kansa sauka yake yi. Ba don Lado ya janye ni ba, da yanzu wani zancen ake. Maganar aure kuwa, na kashe ta!"

Ya shige turaka ya saki labule.

Lado!

Ummuhani ta yamutsa fuska. Ɗan dillalin gyaɗa ne na unguwarsu, sau biyu yana aiko mata da turare tana mayar masa.

Ita Uwaisu take so, duk garin Furana an sani.

Uwaisu ba shi da gona sai keke, baƙi wuluk, da lambar hukumar En'e a ɗaure a gaba. Mazarƙwaila yake ɗaukowa daga Maƙarfi ya zaga da ita kasuwanni. In ya zo zance da la'asar, wasu samari waƙa suke kawowa, shi hanya yake kawo mata. Sai ya tsuguna ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Kin ga nan Paki ce, hasken idona. In kin fita sai ki bar hanyar motocin gyaɗa ki bi bayan dutse. Akwai wani fa mai faɗi, in kika hau shi da hantsi za ki hango raken fadama har inda ido ya gaji. Daga nan sai tsamiya uku, sai rugar da ake ba ni nono ko ban tambaya ba. Sai hawa... hawan da sai ka tashi tsaye a kan feda kana kiran sunan Allah."

"To me ake samu a saman?"

"Iska, Ummuhanina. Wata irin iska mai ƙamshin ɗorawa."

Ita da ba ta taɓa wuce Ikara ba, a bakinsa ta ga Kudan, ta ga Taba, ta ga hayaƙin jirgin ƙasa daga nesa. Wani lokaci ma ba hanyar take kallo ba, hannun mai zanen take kallo.

Kwana uku bayan faɗan Baba ta gamu da shi a hanyar rafi. Ba a kan keken yake ba, turawa yake.

"Mai keke, yau kuma kai ne jakin?"

Bai yi dariya ba. Idanunsa sun faɗa.

"Sau uku ina zuwa ƙofar gidanku ina tsugunawa, Baba ya ƙi fitowa. Na yi alkawari ba zan sake hawa a ƙasar Furana ba sai ya yafe mini."

Ta sauke tulu.

"Don Allah me ya hana ka sauka?"

"Masoyiyata, gangaren nan ba a tsayawa a cikinsa. An yi ruwa, taya ta jiƙe, ga kaya a kariya a bayan keke. Burki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Da na matse da ƙarfi, da ni da keke da kaya a kan Baba za mu zube. Shi ya sa tun daga sama nake kaɗa ƙararrawa."

"To ka gaya masa mana!"

"In ce wa Baba bai san abin da yake faɗa ba? Shi gani yake keke kamar doki ne, ka ja ya tsaya."

Ummuhani ta ɗago da sauri.

"Ran nan Lado ne ya zo har gida ya ja Baba, wai ya zo ya ga gonarsa. Gonar Lado kuwa ba ta can take ba..."

"Kuma ya san ranar kasuwar Maƙarfi da la'asar nake saukowa," in ji Uwaisu a hankali. "Shi ma yana da keke. Ya san gangaren."

"Munafuki!"

"Bar shi da Allah."

"Kai ka bar shi da Allah, ni kuma a bar ni da shi ke nan? Jiya kawunsa ya kawo goro gidanmu!"

Kan keken ya kusa ƙwacewa daga hannun Uwaisu.

"Baba ya karɓa?"

"Ya ce a ba shi kwana bakwai."

Hawaye suka zubo mata. Ya miƙo hannu, ya tuna a hanya suke, ya mayar.

A kwana na huɗu da hantsi wani mai jaki ya yi sallama da mugun labari. Gwaggo Adama, ƙanwar Baba da ke aure a Taba, tana kwance rai a hannun Allah, ba sunan da take kira sai na Yayanta.

"Yaushe ka baro ta?" in ji Baba.

"Shekaranjiya. Rafuka sun cika, sai da na kwana biyu a hanya."

Baba ya zauna daɓas a kan turmi.

"Kwana biyu... Adama za ta jira ni kwana biyu?"

Ummuhani ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ja mayafi ta fita da gudu har gindin ɗorawar da Uwaisu ke facin taya.

Da suka dawo tare, Baba ya miƙe.

"Wa ya kira wannan?"

Ta durƙusa.

"Ni ce, Baba. Ka yanka ni in ka dawo. Amma ya san hanyar tudu wadda ba ta bi ta rafi."

Uwaisu na tsugune, kai a ƙasa.

"In Allah ya yarda, Baba, kafin magariba kana gabanta."

"In hau wannan abin? Ni?"

Inna ta ce, "Malam, fushinka zai jira ka. Adama fa?"

Baba ya shiga turaka ya ɗauko guzurinsa.

Uwaisu ya ninke bargo ya ɗaure a kariya. Suka fita, yana tura keken suna hawa gangaren da ƙafa, Baba na gaba bai ko waiwaye shi ba.

Kwana biyu Ummuhani ba ta san ɗanɗanon tuwo ba. Lado kuwa sai zarya yake a ƙofar gida yana faɗa da ƙarfi don ta ji:

"An ba mahaukaci dattijo ya tafi da shi duwatsu. Allah dai ya sa a ga gawa!"

Rana ta uku aka yi yayyafi da azahar. Da ya ɗauke, ta hau fa ɗin da ke gefen gangare don ta kwashe barkonon da ta manta a shanya. A ƙasa ta hango Baffa Iliyasu, ƙanen kakanta, dattijon da duk garin ba mai wuce shi a tsaye. Yana takawa da sanda, Lado na biye da shi yana zuba masa zance.

Sai ta ji ƙararrawa daga sama.

Ta ɗaga kai.

Ga su nan! Uwaisu ya duƙa a kan keken, Baba a baya ya rungume shi da hannu biyu, babbar riga ta cika da iska. Kuma... dariya Baba yake yi! Dariya har da ƙyaƙyatawa!

Sai idonsa ya faɗa kan mai sanda.

"Kai! Baffa ne! Tsaya! Uwaisu tsaya!"

"Ba ya tsayawa, Baba!"

"Ja linzamin!"

"Na ja!"

"Baffa barka da yammaaa...!"

Fuuu! Suka wuce. Taɓo ya fantsama har gemun Lado. Ba su tsaya ba sai can wajen masussuka.

Ummuhani ta sauko da gudu, barkono na zuba a bayanta.

Baba ya dawo da ƙafa, ba hula. Ya zube gaban tsohon. Uwaisu ya zube a bayansa.

Baffa Iliyasu ya daɗe yana kallonsa.

"Sa'idu. Kai ne ka gaishe ni daga sama?"

"Baffa, ka gafarce ni. Wallahi abin nan ba ya tsayawa a nan. Yaron ya ce mu sauka mu taka, kamar yadda ya yi ta yi da ni a kowane gangare. Ni na hana shi. Na ce... na ce ina so in ji iskar."

Tsohon ya tuntsire da dariya har sanda ta faɗi.

"To ya jikin Adama?"

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ta gan ni ta sha kunu. Baffa, yaron nan ya bi da ni ta inda ban san akwai hanya ba. Inda dutse ya yi tsauri ya saɓa keken a kafaɗa, ya dawo ya riƙe hannuna. Duk rugar da muka ratsa sai an fito an gaishe shi. Duk dattijon da muka gamu da shi kuwa, tun daga nesa yake sauka."

Ya juyo a hankali.

"Lado."

"Na'am, Baba."

"Kana da keke?"

"Ina... ina da shi."

"Ka taɓa tsayawa a gangaren nan in an yi ruwa?"

Lado ya sunkuyar da kai yana murza gemu.

"Ka sani ke nan, ka kawo ni nan ka tsayar. Ka gaya wa kawunka ya aiko a ɗauki goronsa, ko ɗaya ba a fasa ba."

Lado ya sulale ta cikin dawa.

Baba ya dubi Uwaisu. Ba a saba jin babba ya ba yaro haƙuri ba. Sai ya juya kan 'yarsa ya haɗe fuska.

"Ke kuma me kike tsaye kina kallo? Mutum ya yi tafiyar kwana uku da ubanki a baya, ko ruwa ba za ki kawo masa ba?"

"To, Baba!"

"Kai kuma Uwaisu, ka turo manyanka ranar Juma'a. Bayan kaka a ɗaura."

Ta kawo ruwan a sabuwar ƙwarya. Ta durƙusa ta miƙa masa, ta kasa ɗaga ido.

"Sannu da hanya, Mai keke."

"Hasken idona," ya ce ƙasa-ƙasa, "kin san abin da Baba ya tambaye ni a bayan Kudan?"

"Me?"

"Wai ko tsoho yana iya koyo."

Dariya ta ƙwace mata, ta rufe fuska da mayafi.

Daga zaure muryar Baba ta taso:

"Ina jin ku fa!"