Mai Burodi da Autar Gareji

Ƙafafu ya fara gani. Ƙafafu biyu cikin takalmin aiki sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ana jin ƙarar sifana. Mai burodi ya yi sallama ya ce, "Oga, don Allah a duba min birki."

"Oga yana ciki," aka amsa da siririyar murya. "In kuma birki ne, ni za ka jira."

Ta turo kanta waje, ta miƙe tana goge hannu da tsumma, ga ɗigon baƙin mai a gefen hancinta. Auta ake ce mata. Ita ce ƙaramar 'yar mai garejin. Yayyenta maza duk sun kama wasu sana'o'i, ita ta gaji sifana. Shi kuwa saurayi ne mai raba wa shaguna burodin da mahaifiyarsa take gasawa, a wata farar mota mai kwaramniya. Baki gare shi kamar reza, amma ran nan ya tsaya yana kallonta har sai da ta ce, "Malam, ni ce ba lafiya ko motar?"

"Motar ce," ya ce da sauri. "In na taka birki sai ya yi laushi, kamar na taka burodi mai zafi."

Ta yi dariya ta buɗe bonet. Man birkin ya yi ƙasa, ya yi duhu. Ta bi tayoyin da 'yar fitila tana neman yoyo, ba ta samu ba, sai wani sabon tiyo da aka sa a baya.

"Wa ya canja maka wannan?"

"Wani ne a bakin titi."

"Shiga ka taka, ka saki, ka sake takawa da sauri. Yanzu fa?"

"Ya ɗan yi tauri."

"To iska ce. Ya sa tiyo bai cire iska ba. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙafarka ke nutsewa. Aikin na mutum biyu ne. Kai a sitiyari, ni a ƙasa, kuma abin da na ce shi za ka yi."

Ta cika mai, ta ɗaga motar da jak, ta fara da tayar baya wadda ta fi nisa da direba. Ta maƙala siririn tiyo a ɗan notin cire iska, ta tsoma ɗaya bakin cikin kwalba.

"Taka. Sake. Sake. Riƙe, kada ka ɗaga."

Ta kwance notin, birkin ya sulale ƙarƙashin ƙafarsa, kumfa ta biyo tiyo. Shi kuwa hankalinsa yana kan muryarta, sai ya ɗaga ƙafa tun ba ta ɗaure ba.

"Mai burodi, ka zuƙo mana sabuwar iska. Ina hankalinka ya tafi?"

"Yana nan kusa," ya ce. "Ƙarƙashin motar ya shiga."

Ta ɗaure notin. Can ta ce, "Riƙe," amma ya ji dariya a cikin maganar. Haka suka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana tashi tana ƙara mai don kada ya ƙare, har man ya fito garau ba kumfa, birkin ya tsaya daram.

Ya karɓi lambarta, wai ko da birkin zai sake. Da yamma ya rubuta mata:

"Injiniya, birki lafiya lau. Direban ne ya kasa tsayawa wuri ɗaya."

Ta amsa: "Wannan ba aikina ba ne. Gwada asibiti."

"Na je. Sun ce in koma inda na kwaso."

Tun daga nan garejin ya shiga jerin wuraren da yake kai burodi, alhali ba wanda ya yi oda. Yakan ajiye mata burodi mai zafi a kan benci. Ita kuma ta sa masa suna Ɗan Zafi, tana ce masa, "Ɗan Zafi, yau me ya lalace? Hon ko gilashi?" Mahaifiyarsa, da duk unguwa ke kira Umma, ita ta fara ganewa. Ta ce, "Wannan mota taka ta fi jariri zuwa awo." Da ya faɗa mata gaskiya sai ta ce yarinyar da ta iya riƙe sana'a za ta iya riƙe gida.

Matsalar tana wurin Oga, mahaifin Auta. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ran da mai burodi ya durƙusa ya gaishe shi da manufa, tambaya ɗaya ya yi masa.

"Ka daɗe kana yawo da birkin nan yana laushi kafin ka kawo?"

"Na ɗan jima, Baba. Kasuwa ce ta hana."

"Ta ƙofar makarantu kake bi, ko?"

Mai burodi ya sunkuyar da kai.

"Wanda ya fifita ciniki a kan ran 'ya'yan mutane, ban ga yadda zan danƙa masa tawa ba. Tashi ka je."

Maganar ta yi masa zafi, ya kuma san gaskiya ce. Auta ta turo saƙo: "Kada ka karaya, Ɗan Zafina. Baba tsohon noti ne, a hankali ake kwance shi."

Ana nan, wata safiya ya cika mota da burodi, ya tsaya a danja, sai ya ji birkin yana sulalewa ƙasa a hankali alhali ƙafarsa tana kai. Shaguna suna jiransa. Ya gangara gefen titi ya kashe motar. Ya kira Auta, ta ce kada ya kuskura ya motsa ta, za a zo a jawo ta. Ya ari kurar wani mai ruwa, ya jera burodin, ya shiga turawa shago shago, gumi har cikin ido. Wasu masu shagon suka yi fushi da lattinsa, ɗaya ma ya sallame shi.

Da la'asar ya isa gareji. Auta ta duba ta ce wannan karon ba iska ba ce, kuma ba yoyo a waje, za ta nemo abin da ake buƙata. Yana shirin tafiya sai ya jiyo ta a bayan bango tana waya.

"Ni fa masta nake jira. In ba shi ba, ba abin da zai yiwu. Wancan na da ya gama yayinsa, ba ya riƙe komai. Ran da masta ya iso an gama magana."

Masta kuma? Ashe wani malamin makaranta aka samar mata, shi kuma ya zama na da. Ya fice bai yi sallama ba.

Saƙonninta suka riƙa shigowa. "Ɗan Zafi, ina ka shiga?" Bai amsa ba. "Ko kurar ce ta tafi da kai?" Ya kife wayar. Ya daina cin abinci sosai, ya ƙona burodi tire guda garin taya Umma gashi. Umma ta zaunar da shi, ta ji labarin, ta ce, "Ka ga mutumin da idonka?"

"A'a."

"To zato zunubi. Je ka tambaye ta. Baki aka ba ka, ba kunne kaɗai ba."

Washegari wani saƙo ya shigo: "Masta ya iso. Zo ka gan shi."

Ya sa rigarsa mafi kyau, don ko ba komai kada kishiya namiji ya raina shi. Ya tarar da ita tsaye ita kaɗai.

"Ina yake?" ya ce, fuska a ɗaure. "Na zo in yi muku fatan alheri."

Ta miƙo masa wani ƙarfe sabo fil daga cikin kwali. "Ga shi. Masta silinda ke nan, shi ke tura man birki zuwa tayoyi. Robar cikin naka ta mutu, shi ya sa birkin ke sulalewa." Ta dubi rigar, ta dubi fuskarsa. "Tsaya. Wa ka zaci masta ne?"

Ya shiga sosa ƙeya. Auta ta yi dariya har ta zauna a kan taya tana share hawaye. "Ɗan Zafi, da ƙarfe kake kishi?"

"Ai ke ce ba ki yi bayani ba."

"Kai ma ba ka tambaya ba." Ta sassauta murya. "Ni mutum ɗaya nake jira, kuma ƙamshin yis yake yi."

Gyaran murya suka ji. Oga ne tsaye a ƙofar ofis, da alama ya ji komai, don gemunsa yana rawa saboda dariyar da yake dannewa.

"Ni na je jawo motarka ran nan," ya ce. "Na hango ka kana tura kura a rana, ga mota cike da fetur a gefen titi. Ban yi maka magana ba, amma na gani." Ya karɓi ƙarfen ya juya shi a hannu. "Idan an gama ɗaura wannan, ka ce wa manyanka ina jiransu."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Garejin ya cika da direbobi da masu shaguna, har da wanda ya sallame shi, ya dawo yana cewa shi dama wasa yake. Umma ta rungume amarya ta ce, "Allah ya yi muku albarka, 'yata. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. In ya ɓata miki rai, ki kawo min shi."

Motoci masu kyau sun yi layi, amma Oga ya ce shi zai kai 'yarsa da kansa, kuma a farar motar burodi. Ango da amarya suka zauna kusa da shi. Ya tayar, ya kama hanya a hankali, a hankali, har masu keke suna wuce su, har wata tsohuwa mai sanda ta kusa kamo su.

Auta ta dube shi. "Baba, birkin fa lafiyarsa ƙalau. Ni na gyara."

"Na sani," ya ce, idonsa a kan titi, ya sa bayan hannu ya goge fuska. "Ku bar ni in tafi a yadda nake so. Allah ya yi muku albarka."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, hannunta cikin na mijinta, ba wanda ya sake cewa a ƙara gudu.