Lallen Ya Falmata a Cikin Kwalba

Ranar da Hanifa ta fara ganin Uwais, reshen lalle ne a hannunta, naɗe cikin jiƙaƙƙen ɗankwali. Ta sauka daga keke napep a ƙofar wata cibiyar binciken tsirrai, ta ce wa maigadi ta kawo mara lafiya. Maigadi ya leƙa bayanta bai ga kowa ba, ya ga ba zai iya da ita ba, ya kira wani dogon saurayi mai farar rigar aiki da silifas a ƙafa.

"Wushe," ta gaishe shi da yarensu, ta miƙa masa ƙunshin. "An ce a nan kuke rayar da itace a cikin kwalba."

Ya kwance ɗankwalin a hankali, ya kankare ɓawon reshen da farce, ya daɗe yana dubawa.

"Malama, wannan ya riga ya mutu."

Haba! Ko ɗan kwana-kwana babu. Hawaye suka zubo mata a gaban mutumin da ko sunansa ba ta sani ba, shi kuwa ya rikice, ya hau laluben aljihu yana neman hankici, ya zaro safar hannu ta roba. Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan. Daga nan fa komai ya fara.

A kan benci ta ba shi labarin. Mahaifiyarta, Ya Falmata, ita ta taho da lallen daga ƙauyensu na bakin tafki lokacin gudun hijira, ƙulle a bakin lafayarta, ta dasa shi a tsakar gidansu na unguwar Abbaganaram. Duk yayyen Hanifa da ganyensa aka yi musu ƙunshin aure. Ya Falmata ta rasu, shekara ta zagayo ambaliya ta ci unguwar, ruwa ya kwanta a kan saiwar har ta ruɓe. Mahaifinta, Baba Umara, ya yi ta yanko rassa yana kafawa, suna baƙi suna mutuwa. A cikin wannan ɗacin ran ya rantse a gaban dangi cewa autarsa ba za ta bar gidan ba sai da lallen uwarta a hannu. Kowa ya ɗauka zafin rashi ne, zai huce. Bai huce ba.

"Akwai sauran kore a jikinsa?" in ji Uwais.

"Toho ɗaya, can sama."

"To shi nake so. Amma ki sani, in na yanke shi, uwar ba za ta daɗe ba."

Washegari ya zo gidan da jakar kayan aiki. Baba Umara ya tsaya a kansa fuska ba walwala, yana kallo ɗan Kanawan unguwar Bulabulin ya goge wuƙa da sinadari, ya yanke tohon, ya jefa a ruwan kwalba. Abin da zai shuka ɗin ma, in ji shi, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ba a yi nisa ba uwar lallen ta bushe ƙurmus. Baba ya zauna a gindinta ya ce, "Yaron nan ya yanke mata rai ya tafi da shi." Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwar Uwais sai da ka.

Hanifa kuwa ta mai da cibiyar gidan zuwa. In ta tashi daga makarantar da take koyarwa, sai ga ta, wai ta zo dubiya. Uwais ya sa ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta sa hula da takunkumi, sannan ya shigar da ita ɗaki mai sanyi da fararen fitilu. Kwalabe ne jere a kan kanta, a gindin kowace akwai wani abu kamar koko da ya daskare. A kansa ɗigon lallen yake zaune, yana cin sukari da sinadaran da aka dama masa.

"Kin ga, kowane ɗan yanki na tsiro yana ɗauke da dukan bishiyar a cikinsa," ya ce. "Lallaɓa shi kawai ake yi ya tuna."

"Ashe kai ma ka iya lallaɓa. Ranar farko ai na ɗauka mahauci ne."

Ɗigon ya kumbura, ya yi toho, Uwais ya rarraba tohon zuwa wasu kwalaben. Wasu suka yi ruwan ƙasa suka mutu. Wuta ta yi ta ɗaukewa a tsakiyar zafin bazara, batirin sola ya gaji, janareta ya yi ta tari, wasu suka dahu a tsaye. Duk da haka ’yan kaɗan suka tsira, su kuma masu jinyar zuciya ta riga ta tafi.

Saƙonsa yakan shigo bayan sallar asuba: "Tohona, barka da tashi. ’Ya’yanki sun kwana lafiya, ɗaya har ya fitar da ganye. Ni ne dai ban fitar da komai ba sai kewarki."

Ita kuma ta amsa: "Likitan ganye, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ci abinci, na san halinka."

Da kawun Uwais, Malam Inuwa, ya zo nema masa izinin aure, Baba Umara ya karɓe shi da shayi da mutunci, sannan ya ce masa rantsuwa rantsuwa ce. Ya ƙara da cewa ko lallen ya dawo, zai yi tunani kafin ya ba da ’yarsa ga wanda ya kashe na farko. Hanifa tana bayan labule tana ji.

Ranar Asabar ta je cibiyar da zuciya a cunkushe. Suna cikin ɗakin wuta ta ɗauke, Uwais ya fita da gudu tayar da janareta. Ta tsaya ita kaɗai a gaban kwalaben, tana kallon ’yan ganyayyakin da aurenta da ran mahaifinta suka rataya a kansu. Sai ta tuna Ya Falmata: ba ta taɓa barin yaro mai zazzaɓi ya kwanta ba ta tofa masa addu’a a ka ba. To waɗannan fa, wa ya taɓa tofa musu?

Ta janye takunkumi, ta karanta abin da ta iya, ta bi kwalaben tana buɗewa tana tofawa tana rufewa. Ɗaya ce kawai ta gagare ta, wata ’yar ƙyamusasshiya a ƙarshen layi mai ganye rawaya, murfinta ya ƙi murɗuwa. Ta bar ta, ta koma gida da sanyin rai irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Mako bai cika ba saƙo ya shigo, babu Tohona, babu komai: "Hanifa, ki zo in kin samu hali."

Fumfuna ce ta rufe kwalaben, fara da kore, kamar tuwon da aka manta a kwano. Uwais yana tsaye idanu jajur, yana cewa ya bincika tukunyar dafa kayan aiki, ya bincika iskar ɗakin, bai gano ta inda cutar ta shiga ba.

"Ni ce na buɗe," ta ce da ƙyar. "Addu’a na tofa musu."

Ya juyo ya dube ta. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

"Na ce ki rufe baki, ban taɓa gaya miki dalili ba," ya ce a hankali. "Numfashinmu cike yake da ƙwayoyin da ido ba ya gani. A waje ba sa yi wa tsiro komai. A cikin kwalba kuwa sukari suke samu, su riga shi girma."

"Da bakina na kashe lallen Ya?"

Ya kai ta ƙarshen layi. Ya nuna mata ’yar rawayar da ta rage, wadda shi kansa ya riga ya fid da rai da ita. Ko saiwa ba ta da.

A gida, ƙanwar Baba, Ya Bintu, ta same ta tana kuka a kicin. Ya Bintu mace ce mai son a gama magana a wuce wurin, kuma tana da ɗan takara: ɗanta Zayyad, mai shagon lafaya, wanda ya daɗe yana zagaye gidan da ledar tsire.

"Ke dai kin cika wahalar da kai," ta ce. "Lalle ai lalle ne. Zayyad ya ce zai sayo dashe a bakin kogi, a ce wa tsohon daga kwalba ya fito. In mai farar rigar nan naki yana sonki, ya riga shi yi mana."

Hanifa ta ƙi Zayyad, amma maganar ta shige ta. Ta rubuta wa Uwais: "Don Allah ka sa wani lallen a kwalba. Baba ba zai gane ba. Na gaji, Uwais, na gaji."

Amsar ta daɗe kafin ta zo: "Tohona, zan iya, kuma ba wanda zai kama ni. Amma kullum Baba zai riƙa zama a gindinsa yana yi wa Ya addu’a, ni ina kallo na san ƙarya ce. Ba zan iya shiga gidanku ta wannan ƙofar ba. Ki yafe mini."

Ranta ya ɓaci matuƙa. "Ashe kwalabenka sun fi ni," ta rubuta, ta kife wayar.

Damina ta zo ta wuce ba ta amsa masa ko saƙo ɗaya ba, ko da yake, mu faɗi gaskiya, babu wanda ba ta karanta ba. "Yau ma ’yar rawayar tana nan, ba ta girma ba, ba ta mutu ba." Wani lokacin: "Na canja mata abinci." Wani lokacin kalma biyu tak: "Muna nan." Ƙawayenta suka yi ta aure, tana zuwa ana yi mata ƙunshin ’yan rakiya. Baba ya rame, ya rage fita, kututturen lallen yana tsakar gida ya hana a tone. Gidan ya yi shiru, uba da ’ya kowa yana tausayin kowa, ba mai iya cewa komai. Hanifa ta sa wa ranta cewa haka za ta tsufa.

Wata Juma’a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama. Uwais ne, ya faɗa sosai, rungume da gwangwanin madara da aka kifa wa farar leda. Ya durƙusa a gaban Baba ya cire ledar. Tsiron bai fi tsawon yatsa ba, da ’yan ganyayyaki da za a iya rufewa da tafin hannu.

"Baba, ga amanarku. Ta yi saiwa, ta saba da ƙasa. Ba don a ba ni komai na kawo ba, nan ne gidanta."

Baba ya sunkuya, ya shafa ganye ɗaya da ɗan yatsa, ya kai hanci.

"To alhamdulillahi!" in ji Ya Bintu, don ita ma ta gaji da zaman makokin. "A tsinke a daka, ko a farce ne a shafa mata, a huta."

"In aka tsinke yanzu za ta mutu," in ji Uwais. "Sai ta yi shekaru kafin ta ba da ganyen ƙunshi. Kuma babu wata a bayanta."

Kai, wannan yaro da faɗin gaskiya inda ba a tambaye shi ba! Hanifa ta runtse ido a bakin ƙofa. Ga lallen ya dawo, ga auren ya ƙara nisa.

Baba ya ɗago ya dubi Uwais.

"Da ka yi shiru, da yau ka samu mata."

"Na sani, Baba."

"Falmata ta ɗauko wannan a lafayarta, harsashi na bin mu, ba ta yar ba. Ni kuma in tsinke shi don in cika maganar da na yi cikin fushi?" Ya girgiza kai, ya dubi ’yarsa. "Ba lalle nake tsarewa ba, Hanifa. Tsoron gidan nan nake in kin tafi. Zan yi kaffarar rantsuwata. Yaro, ka ce wa Malam Inuwa ina jiransa."

Hanifa ta durƙushe a wurin tana kuka, Ya Bintu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ranar nalle, wato ranar sa lalle, da lallen kasuwa aka yi wa amarya ƙunshi, ya kuwa kama jajur. Gida ya cika da ƙamshin turaren wuta da hayaniyar mata. Da aka ɗaura aure, kafin a fita da ita, Baba ya kama hannunta ya kai ta tsakar gida, inda aka dasa tsiron kusa da tsohon kututture, an kewaye shi da kwando saboda awaki. Ya sa aka kira ango, don ashe labarin tofin kwalabe ya riga ya kai kunnensa.

"Likita," ya ce, karo na farko da ya kira shi da wani abu ban da yaro, "yanzu fa? Ana iya tofa mata addu’a?"

Uwais ya saci kallon Hanifa, ita kuma ta ja lafaya ta rufe fuska, kunya da dariya da hawaye duk sun haɗe mata.

"Yanzu kam a tofa, Baba. Ta yi ƙarfi."

Tsohon ya karanta, ya sunkuya ya tofa wa tsiron. Ya miƙe ya tofa a kan ’yarsa, sannan ya jawo kan angon ya tofa masa shi ma.

"Allah ya raya ku gaba ɗaya," ya ce. "Ku je. In kun haifi mace, ganyenta na nan yana jiranta."