Kare Mai Guntun Hanci

Can a zamanin da, an yi wani mai kiwon karnuka a bayan gari. Wata rana wani attajiri ya zo ya ce, "Malam, ina son kare mai gajerun ƙafafu, wanda ba zai tsallake katanga ba."

Mai karnuka ya ce, "Za a samu, ranka ya daɗe." Ya haɗa wannan iri da wancan, aka samu.

Attajirin ya dawo ya ce, "Yanzu ina son mai ƙaton kai da guntun hanci, baƙina su gani su yi dariya."

Mai karnuka ya ce, "Za a samu, ranka ya daɗe." Ya sake haɗawa. Karyar ta mutu wurin haihuwa, don kawunan 'ya'yan sun yi mata girma. Kwikwiyo ɗaya ya rayu. Baƙi suka gani, suka yi dariya.

Da bazara ta yi, attajirin ya dawo da karen cikin kwando. Ko taku goma ba ya yi sai ya kwanta, harshe waje, yana jan numfashi da ƙyar.

Attajirin ya ce, "Wannan ya cika ƙara. A haɗa mini wani kamarsa, wanda ba ya haki."

Mai karnuka ya kwantar da karen a inuwa, ya jiƙa masa jiki da ruwa. Sannan ya ce, "Irin wanda kake so, ranka ya daɗe, masassaƙi ke yi. Gidansa na bakin kasuwa. Wannan kuwa a bar mini shi, ni na jawo masa."