Mu Biyu Kaɗai Zuwa Tabalak

Shamsiya tana durƙushe gindin murhu tana tuƙa tuwon baƙi, hayaƙi na shigar mata ido, sai ta ji dariyar mijinta daga zaure. Dariyar kaɗai take samu. Habibu ya tafi bidar kuɗi Abijan tun lallen bikinsu bai gama fita ba, kuma tun da ya dawo hutu gidansu na Tawa bai numfasa ba. Wannan ya zo barka da zuwa, wancan ya zo tambayar ɗansa da ke can, wani kuma tsaraba ce ta kawo shi amma sai ya faro da labarin damina. Kafin baƙi su watse Habibu ya gaji liƙis. Ga hutu ya zo ƙarshe, har an fara ɗaure masa kilishi da yaji.

Sai ga shi ya leƙo madafa yana sanɗa kamar wanda ya zo satar nama.

"Sheri, gobe ki shirya. Balad za mu tahi, yawon shan iska!"

"Balad ina?"

"Tabalak. Mu ga tabki, mu ci kihi, mu hau tudun rairayi. Na yi magana da Mohamed, Buzun nan mai mota kat-kat da ke kai baƙi yawon buɗe ido. Pirive! Ni da ke, sai shofer."

Ta saki muciya. "Mu biyu?"

"Mu biyu, wallahi."

Ita 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ta Adar, shi ya sa ta yarda. Da 'yar gari ce, da ta san mota mai sauran kujera ba ta fita Tawa a ɓoye.

Dole Habibu ya je ya yi wa mahaifiyarsa sallama. Shi ne ɗan farin Inna Raƙiya, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma duban fuskarsa. Ta saurare shi idonta na kan carbi.

"Mi za a gani Tabalak? Ruwa da rairayi? Ga randa nan, ga ƙohwar gida." Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ce, "Motar babba ta?"

Ya ce babba ce. Ta ci gaba da jan carbinta.

Da safe Shamsiya ta fito cikin sabuwar shadda da mayafi mai duwatsu, ƙamshinta har titi. A ƙofar gida ta tarar da Inna Raƙiya zaune kan tabarma da butarta. Kusa da ita ga Gwaggo Zalika da buhun albasa, za ta duba ɗiyarta a Kalfu. Ga kuma Kawu Ciɗo, ƙanen Inna, riƙe da igiyar wani rago mai ƙaho kamar na sa.

Mohamed ya sauke rawani daga bakinsa. "Habibu, pirive ka ce mini."

Kawu Ciɗo ya ce, "To, mi ya hi wanga zama pirive? Duba ka gani, akwai bare cikinmu? Har ragon a gida anka haihe shi!"

Habibu ya dubi Shamsiya, Shamsiya ta dubi ƙasa. Wa zai ce wa uwa ta koma ciki?

Aka shiga. Habibu da Kawu suka matsu a gaba, don ba a zama kusa da miji a gaban suruka. Inna ta kama bayan ɗanta, Gwaggo a tsakiya, Shamsiya a gefe. Rago ya sami bayan mota shi da albasa. Kafin su bar kwalta ya riga ya ɗanɗana bakin mayafin amarya, ya kuma ga ya yi masa daɗi.

Mohamed dai aikinsa yake yi. Ya nuna tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, ya fara bayanin yadda ruwa ya sassaƙe su tun zamanin da. Kawu ya katse shi.

"Bar ba mu labari, yaro. Bayan dutsin can jakina ya ɓace. Ka taɓa ganin wani jaki mai kunne guda?"

A Kalfu aka ce a sauke Gwaggo kawai a wuce. Amma surukan ɗiyarta suka rantse ba a wucewa sai an sha fura. Da aka sha fura aka ce ai an riga an yanka zakara. Kawu kuma ya sami mai son rago, suka zauna gindin itacen bedi ana taya ana albarka. Rana ta hau tsaka tana narka mutane.

Shamsiya ta zagaya bayan rumbu ta fashe da kuka. Nan Habibu ya same ta.

"Haba Sheri! Mi ya yi zahi?"

"Kar ka ce mini Sheri! Tun da ka dawo, ka zauna ka tambaye ni yadda na yi zaman nan? Na yi wa gidanku daka, na yi wanki, ban taɓa ɗaga murya ba. Wuni ɗaya ka yi mini alkawari, shi ma rago ya fi ni samun wuri!"

"Ki yi haƙuri..."

"Haƙurin ya ƙare, Habibu. Ranar da ka hau motar Abijan, ni ma zan hau ta Damagaram. In dangi ka aura, ga su nan, Allah ya ba ku zaman lafiya!"

Ya san ba ta wasa da irin wannan magana. Ya goge zufa.

"Bari. Zan ce ma Inna ta huta nan, in mun dawo da marece mu ɗauke ta. Ko ta ji zahi, ta ji."

Shamsiya ta san maganar za ta yi wa tsohuwa ciwo, amma ba ta hana shi ba. Ya juya ke nan Kawu ya cafke hannunsa, wai ya zo ya shaida cinikin rago. Ita kuma matan gida suka miƙo mata kwanon fura.

"Amarya, kai ma surukarki. Ta ƙi sauka, tun ɗazu tana cikin mota."

Haka ne kuwa. Inna Raƙiya na zaune cikin ƙarfen nan da ya yi zafi kamar tanda, zufa ta jiƙe mata kallabi, ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya. Shamsiya ta durƙusa ta miƙa kwano.

"Inna, ki fito inuwa mana."

"In hito ku gudu ku bar ni? Tsuhwa na yi, ba wauta ba."

Shamsiya ta rasa inda za ta sa fuskarta. Tsohuwa ta kurɓi fura, ta dubi kujerar gaba inda Habibu ya zauna.

"Wancan ya rame. Kin ga wuyanai? Da ya hi haka kauri. Hurhura ma ta hito mai bayan kunne, guda biyu. Tun daga Tawa nike ƙirga su." Ta ajiye kwano. "Ke in ya tahi kina kiran shi a waya ki ce mai abin da kika so. Ni in anka ba ni wayar, sai in ce a gaida mutanen Abijan. A gida kuwa in ya shigo gaisuwa kaina ƙasa, in ya hita baƙi sun kwashe shi. Yau dai ga shi an aje mini shi gabana, ba mai cewa na dube shi."

Ba ta yi kuka ba, ta dai kaɗa ƙuda daga bakin kwano. Shamsiya ce idonta ya cika.

Tana dawowa ta haɗu da Habibu ya nufo mota, fuska a ɗaure kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta tare shi.

"Kar ka faɗa mata komai. Da ita za mu."

"Kin tabbata? Kawu ma hwa ya ce bai taɓa cin kihin Tabalak ba."

"Shi ma ya zo. Ragon dai ya tsaya."

Suka kama hanya. Tabalak ta bayyana da la'asar, ruwa shimfiɗe tsakiyar ƙasar da ko ciyawa sai an nema, raƙuma na sha a gefe, fararen tsuntsaye na tashi suna sauka, mata na soya kifi a bakin hanya. Kawu ya ci har ya manta da jakinsa.

Shamsiya ta miƙa wa Mohamed wayarta. "Shofer, a yi mana hoto. Turis ba sa komawa gida ba hoto." Ta jera su a bakin ruwa, ta tura Kawu can, ta ja Habibu nan, har sai da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mahaifiyarsa.

"Kai, ɗiyar ga! Mi kike yi haka?" in ji Inna, tana neman zamewa.

"Rana ce, Inna. In ba nan kika tsaya ba hoton baƙi zai yi."

Mohamed, wanda ya san rana ba ta da laifi, ya ɗauka ya sake ɗauka, yana cewa an motsa. Da aka gama Shamsiya ta nuna wa Inna. Tsohuwa ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ruwan ya hito da kyau."

Daga nan Mohamed ya bar hanya ya kai su gindin wani tudun rairayi ja, mai tsawo, iska ta yi masa zane kamar kitso. Ya shimfiɗa tabarma ya hura gawayin shayi. Kawu Ciɗo ya tattare riga.

"Ku taho mu hau! Ni zan riga kowa!"

"Ciɗo, zamna," in ji Inna.

"Haba Yaya, daga bisa har Abalak ana..."

"Na ce zamna! Ina za ka da ciki cike da kihi? Shayin Buzu uku na, ba ka tashi sai ka shanye na ukun." Ta juya wajen Shamsiya, ba ta dubi ɗanta ba. "Ke, tahi ki gano muna abin da ke bisa. Wani ya raka ta, kar ta hwaɗi."

Suka hau, ƙafa na nutsewa, yana jan hannunta tana dariya tana haki. Da suka kai ƙoli suka gangara kaɗan ta ɗaya gefen, inda ba a hango su. Babu kowa, babu zaure, babu murhu. Rairayi ne iyakar gani.

Habibu ya zauna kusa da ita, ya cire takalmi. "To, Sheri. Yaya kika yi zaman nan?"

Ta faɗa masa duka, tun daga ranar da ya tafi. Ya saurara bai katse ta ba. Daga ƙasa suna jin Kawu na cewa shayi ya ƙare, Inna na cewa a sake ɗora wani.

A hanyar komawa Inna ta koma kujerarta. An yi nisa, sai ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar Mohamed.

"Shofer, ka hwaɗa ma wanda ya ɗauko ka, in zai koma Abijan ya tahi da ɗiyar mutane. Can ba mai ba shi abinci, na gani. Ta ciyar da shi, ta kuma riƙa aiko mini hoto."

Mohamed ya juya ya dubi Habibu da ke manne da shi. "An ce in hwaɗa maka..."

"Na ji!" in ji Habibu. Shamsiya ta rufe fuska da ragowar mayafinta.

Haka aka yi kuwa, motar Damagaram ta tashi ba da ita ba. 'Yan mata, ku riƙe wannan: ba duk surukar da ta shiga tsakaninki da mijinki ce maƙiyiya ba. Wata kewar ɗanta ce ke cinta, al'ada ta ɗaure mata baki. Da Shamsiya ta bari an yar da tsohuwa a Kalfu, da ta sami wuni ɗaya ta rasa sauran. Ta yi haƙuri ta ba uwa rabonta, uwar kuma ta ba ta mijin gaba ɗaya.