Hoton da Aka Yanke wa Ƙafa

Auta na durƙushe a falon surukanta, gaisuwarta ba ta kai ƙarshe ba Yaya Babba, yayar saurayinta, ta cilla mata waya a cinya.

"Karanta da bakinki, munafuka."

Mama, mahaifiyar saurayinta Mai Kemis, ta kau da kai tana murza gwiwarta mai ciwo. Shi kuwa yana tsaye bakin ƙofa, ya haɗe rai kamar bai taɓa saninta ba, alhali saura wata guda bikinsu.

Sikirinshot ne, wato hoton allon waya, na saƙon da Auta ta tura wa Yaya Babba a kan sabon gidan da za su tare. Layi ɗaya tal: "Gaskiya ba na son Mama ta zauna da mu."

"Yaya, ai ba a nan maganar ta tsaya ba, akwai—"

"Rufe min baki! Tun ba ki shigo ba kin fara korar uwarmu?"

Mama ta ce, "Tashi ki tafi, 'yar nan. Na gode Allah da ya nuna min ke tun da wuri."

Auta ta dubi Mai Kemis. Cewa ya yi kawai, "Hoto ba ya ƙarya."

Wannan kalma ta fi zagin yi mata ciwo. Kafin ta isa gida duk sun yi bulokin ɗinta a waya, domin ko da yake sun san Yaya Babba ba ta taɓa ƙaunar auren ba, amma ba su taɓa kama ta da ƙarya ba. Auta ta ci kuka har idonta ya kumbura. Ƙawayenta suka ce ta watsa Yaya a intanet kowa ya gani. Babanta ya ce, "Kul. Wanke kanki, kada ki tona asirin wani."

Aikin Auta duba shafukan intanet ne a wani kamfani, kullum tana ɗaukar hoton shafi tun daga sama har ƙasa. Da manhajar da take wannan aiki ta ɗauki hirar gaba ɗaya daga kwamfutarta, da rana da lokaci, ta buga a takarda. Ta kai kemis ɗin saurayin nata, ta ajiye a kan kantar shagon tsakanin kwalaben maganin tari.

"Ba roƙo na zo ba. Karanta wa Mama, a gaban Yaya."

Ya karanta a tsaye: "Gaskiya ba na son Mama ta zauna da mu a ɗakin sama, gwiwarta ba za ta iya hawa bene ba. Mu ba ta namu na ƙasa, mu mu koma sama."

Ya ɗago kai. "Sori, Auta, ni—"

"Shekara uku muna tare, ko tambayata ba ka yi ba." Ta fice.

Bayan kwana biyu Mama ta zo gidan su Auta da kanta, tana dogara sanda, Yaya Babba na biye kai a sunkuye.

"'Yata, ki yafe wa tsohuwa."

Auta ta yafe mata nan take. Mai Kemis kuwa sai da ya yi wata biyu yana zarya kafin aka sa sabuwar rana.

Rabin magana ya fi ƙarya dafi. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, nemi abin da aka yanke daga zancensa. Mai haƙuri kuwa, gaskiyarsa ba ta kwana a hanya.