Barmo Mai Kaifin Ido da Zabuwar Gwaggo Kande

A can wani ƙauye da gajimare ke saukowa shan ruwa a tafki, an yi wani mutum wai shi Barmo, mai kaifin ido. An ce har gashin ƙafar tururuwa yana gani. Ran nan zabuwar gwaggonsa Kande ta ɓoye ƙwanta a ciyawa, ga hadari yana haɗowa. In ruwa ya sauka, ƙwai ya lalace.

Barmo ya duƙa yana ƙura wa ciyawa ido, ɗaya bayan ɗaya. Har azahar bai yi taku goma ba.

Kande ta ce, "Kai ɗan nan, sai ka huda ƙasa da ido? Taso ka biyo ni."

Ta kama tafiya a hankali tana kallon gajimare kamar mai mafarki. Can wutsiyar idonta ta ga motsi.

"Mene ne can?"

"Ƙadangare ne, Gwaggo."

"Can fa?"

"Zomo ne, Gwaggo."

"To, can fa?"

Barmo ya ƙura ido, sai ga ɗigo-ɗigon fari kwance cikin ciyawa. "Ita ce, Gwaggo! Yaya aka yi kika gan ta?"

"Ni motsi na gani, zabuwa kai ka gan ta. Tuɓe hularka mu kwashe, yayyafi ya fara."